Yadda ƙaramar kwamfuta ta koyi magana

Masu gyaran rediyo na unguwar Sabon Gari a Maraɗi sun daɗe suna ba tsofaffin akwatuna sabuwar murya. Kaset ya wuce, memori ta zo, daga baya Bluetooth ya biyo, amma sifikar tana nan; ɗan allo kawai ake sawa a ciki a liƙa da dalma. Raspberry Pi, kwamfutar nan mai faɗin katin banki, irin wannan hannu ta riƙa nema tun fitowarta.

A watan Fabrairun 2012 aka fara sayar da ita daga Ingila kan dalar Amurka 35, da ɗan ramin da ake cusa wayar abin sauraro. Sai dai masu ƙera ta, don rage tsada, ba su sa mata guntun da ke mayar da lambobi sauti ba. Dabara suka yi: kwamfutar ta riƙa kunna wuta tana kashewa da tsananin sauri, ƴan rizisto da kondansa su tace abin har ya zama murya. Ana ji, amma da shuuu a ƙarƙashi, musamman in waƙa ta yi ƙasa. Samfurin B+ na Yulin 2014 ya ware wa sautin wutarsa daban, ƙarar ta ragu.

Ana cikin haka, a Nuwamban 2015, Pi Zero ta fito kan dala 5, ba ramin ma gaba ɗaya. A ganina nan labarin ya fi daɗi, domin rashin ne ya tayar da masu sana'a. Wasu suka karkatar da siginar zuwa ƙafafun GPIO na 13 da 18 na allon kwamfutar, suka haɗa matatar da hannunsu, sannan suka ɗora ƙaramar amfilifaya irin PAM8403, wadda volt 5 ke isarta ta motsa sifika. Masu kunnen ƙwarai kuwa suka bi hanyar I2S, inda lambobin ke fita tsaf zuwa wani allo na daban, kamar na kamfanin HiFiBerry, can a mayar da su sauti nesa da hayaniyar wutar kwamfutar. Mai gaggawa ya cusa katin sauti na USB ya huta.

Zero W ta zo da Bluetooth a 2017. Da Pi 5 ta fito a Oktoban 2023, babbar ma an cire mata ramin, an bar mutane da HDMI da USB da Bluetooth da I2S.

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ke son na'urarsa ta karanta sanarwa ko ta saki karatu a kan lokaci, sayen allon kwamfutar ne wahalarsa, don kaya ne na oda. Ragowar, daga amfilifaya har sifikar tsohuwar rediyo, yana iya samunsu a teburin mai gyara.