Daga kyauro zuwa kabon: tarihin daidaita kibiya da baka

Kance, wadda take dab da Matamaye a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, tana zaune ne tsakanin birnin Zinder da ƙasar Daura, kuma a ƙarni na 19 tana cikin garuruwan Hausa da suka shiga ƙarƙashin sarautar Damagaram. A wancan zamani, a nan da sauran ƙasar Hausa, doki da sulke da lifidi kayan sarakuna ne da barorinsu, kwari da baka kuwa makamin talaka ne, wanda manomi yake ɗauka in an buga gangar yaƙi, maharbi yake shiga daji da shi, har aka keɓe wa shugaban masu shi sarautar Sarkin Baka. Masu ba da labarin yaƙe-yaƙe sun fi kula da wanda ya ci da wanda aka kora, ba su cika tsayawa kan ilimin da yake cikin kwarin ba, alhali kowane maharbi ya san cewa baka ba ya karɓar kowace kibiya, kuma wadda ta tafi sak daga bakan wani tana iya karkacewa daga nasa.

Dalilin haka yana cikin abin da yake faruwa a ƙiftawar ido bayan an saki tsirkiya, wato igiyar baka. Tsirkiya tana tura kibiya daga gindi da ƙarfi, ƙarfen da yake kanta kuma, saboda nauyinsa, yana jinkirin tashi, sai karan da yake tsakaninsu ya matsu ya tanƙwara, sa'an nan ya miƙe ya sake tanƙwarawa ta ɗaya gefen. A bakan gargajiya, wanda sanda ce guda ba a feƙe mata gurbin kibiya ba, wannan tanƙwara abin buƙata ce, domin kibiya tana kwance a gefen itacen, tsirkiya kuwa tana komawa tsakiyarsa, saboda haka dole ne karan ya lanƙwasa ya kewaye itacen kafin ya kama hanya. Idan karan ya cika tauri, ba zai kewaye ba, sai ya bugi itacen ya bauɗe. Idan ya cika laushi, sai ya wuce kima ya tafi yana kaɗa gindi, ko ma ya karye a hannun mai shi. Ƙarfin baka da tsawon kara da taurinsa da nauyin kai duk a ɗaure suke da juna, ba a taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba: ƙarin nauyi a kai yana sa kara ya yi kamar ya yi laushi, rage tsawo kuma yana sa ya yi kamar ya ƙara tauri.

Kibiyar Hausa ta warware wannan matsala ta wata hanya tata, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Karanta na kyauro ne, wata doguwar ciyawa dangin rake da take fitowa a wurare masu damshi irin fadamun Korama, inda manoman ƙasar Matamaye suke noman rake har yau, kuma akan yanke shi gajere, kimanin santimita 60, daidai da gajeren jan da ake yi wa bakan. Maƙeri ne yake ƙera kan, da tsini da kunnuwa, wato ƙayoyin da suke juya baya don kada kibiya ta zaru in ta shiga, sa'an nan ya ja masa doguwar wutsiya siririya wadda ake cusawa cikin karan, a naɗe wurin da jijiya don kada ya tsage, a naɗe gindin ma inda aka yi tsagar da tsirkiya take zama. Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne cewa ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, alhali a Turai da ƙasashen Larabawa gashin ne yake miƙar da kibiya a iska. Kibiya marar gashi ba ta tafiya daidai sai in nauyinta ya rinjaya sosai zuwa gaba, yadda kai zai ja gindi ya bi shi, kuma wannan aikin ne kan ƙarfe mai doguwar wutsiya yake yi a jikin kara marar nauyi. Wutsiyar kuma tana ƙarfafa gaban karan daga ciki, gajartar karan tana ba shi taurin da kyauro ba shi da shi in an bar shi dogo. Da ma'aunin ido da tafin hannu ake yin wannan lissafi duka: a lanƙwasa kara tsakanin yatsu a ji yadda yake dawowa, a gasa shi a wuta a miƙar da shi, a ɗora kibiyar da aka gama a kan yatsa a ga inda take tsayawa, a harba, wadda ta bauɗe a canja mata kai ko a jefar da karan. Wanda ya ɗauki rashin gashi a matsayin alamar ƙarancin fasaha bai fahimci kibiyar ba, domin kibiya marar gashi ba ta ɓoye aibinta, kuma mai ita ba shi da mafita sai ya daidaita ta sosai.

Dafi ma yana cikin lissafin. Ana dafa shi ne musamman da 'ya'yan kwankwani, wani tsiro mai yaɗo wanda gubarsa take tsayar da zuciya, a shafa shi a wuyan ƙarfen bayan tsini, kuma da yake ƙaramin rauni ya isa ya kai shi cikin jini, maharbi ba ya buƙatar baka mai tsananin ƙarfi ko kibiya mai huda ƙashi. Wannan ne ya sa bakan ƙasar Hausa ya zauna a matsakaicin ƙarfi, wanda kyauro yake iya ɗauka. Da irin wannan makami jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, kuma da shi mutanen Sarauniya Mangu suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a watan Afrilu na 1899. Wanda yake son ganin yadda ake ƙera irin waɗannan kibau da dafa dafinsu zai same shi a fim ɗin da Jean Rouch ya kammala a 1965 kan farautar zaki da baka, ko da yake maharban da ya ɗauka na yammacin Nijar ne, ba Hausawa ba.

A wasu ƙasashe an rubuta wannan ilimi da wuri. Wajen 1368 wani masanin harbi na daular Mamluk mai suna Taibugha ya wallafa littafi da Larabci wanda ya yi bayanin nauyin kibiya da dacewarsa da ƙarfin baka, a Ingila kuma Roger Ascham ya fitar da nasa a 1545, inda ya yi dogon bayani kan zaɓen itacen kibiya gwargwadon baka da mai harbi. A ƙasar Hausa ilimin ya zauna a hannun maƙera da maharba, ɗa yana gado daga uba, kuma bindiga ta cim masa kafin alƙalami ya kai gare shi. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ya sa aka riƙa ƙera igwa a Zinder, sa'an nan a ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, Kano da Sakkwato kuma suka faɗa hannun Ingila a 1903. Daga nan baka ya bar fagen fama ya koma hannun mafarauta da makiyaya, dajin ya yi ta raguwa gonaki suna cinye shi, farautar kanta kuma ta shiga ƙarƙashin dokokin hukuma, irin dokar farauta da kare namun daji da Nijar ta kafa a 1998.

Lokacin da baka yake ja da baya a nan, a Amurka ya zama wasa, kuma wasa ne ya jawo awo, domin mai gasa yana son kibau goma sha biyu da za su faɗa wuri ɗaya. A 1913 E. J. Rendtorff ya yi rubutu kan abin al'ajabin kibiyar da take duban gefe amma ta sami abin da aka nufa, daga baya Clarence Hickman ya ɗauki fitar kibiya da kyamara mai sauri, aka ga tanƙwarar da ido, kuma a 1947 shi da Paul Klopsteg da Forrest Nagler suka tattara bincikensu a littafi guda. Daga irin wannan aiki aka sami ma'aunin tauri na kibiyar itace: a ɗora kara a kan madogara biyu masu tazarar inci 26, a rataya masa nauyin laba 2 a tsakiya, a auna yadda ya sunkuya. Doug Easton na Kalifoniya, wanda ya fara da kibau na itace a 1922, ya koma yin su da bututun alminiyam a 1939, saboda itace ko daga bishiya ɗaya aka yanko shi ba ya zama iri ɗaya, ƙarfe kuwa ana iya fitar da dubunsa da tauri guda.

Zaren kabon, wanda aka inganta a Japan da Ingila a shekarun 1960, siraran zare ne baƙaƙe da ake jerawa a haɗe su da wani irin danƙo mai daskarewa, kuma ya shiga sana'ar kibiya a shekarun 1980, inda kamfanin Easton ya lulluɓe bututun alminiyam da shi, kamfanin Beman na Faransa kuma ya fitar da kibiya ta kabon zalla. Ma'aunin da ake bi a yau ya ɗan bambanta da na itace: tazarar madogara inci 28 ce, kusan santimita 71, nauyin da ake ratayawa giram 880, kuma lambar da ake bugawa a jikin karan tana nuna yawan sunkuyawarsa, a lissafin kashi dubu na inci. Kara mai lamba 500 ya sunkuya rabin inci ke nan, mai 400 ya fi shi tauri, mai 600 ko 700 ya fi shi laushi, saboda haka ƙaramar lamba ita ce mai tauri, abin da yake yawan ruɗa sabon shiga. Nauyin kai kuma ana auna shi da giren, wani tsohon ma'aunin Ingila wanda 125 ɗinsa, ɗaya daga cikin nauyin kan da aka fi sayarwa, ya ɗan haura giram 8.

Matsalar ta fito ne da masu bakan itace suka karɓi kabon. An tsara waɗannan kibau don bakan gasa mai gurbi a tsakiya da kuma baka mai gare-gare, wanda Holless Wilbur Allen ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1969, kuma a irin waɗannan kibiya tana fita kusan miƙe, ba ta da itacen da za ta kewaye, don haka tauri da rashin nauyi alheri ne gare ta. A bakan gargajiya duka biyun aibi ne. Kara mai tauri yana bugun itace, kara marar nauyi kuma ba ya ɗauke ƙarfin da baka ya tara, sai ragowar ta koma cikin itacen da hannun maharbi, ta yi ƙara, ta girgiza, da daɗewa ta tsaga bakan. Saboda haka masu wannan harbi suka tsayar da ƙa'idar kusan giren 8 zuwa 10 na nauyin kibiya ga kowace laba ta ƙarfin ja, wato baka mai laba 40 yana son kibiyar da ta kai giram 21 zuwa 26, kuma suka gano cewa hanya mafi sauƙi ita ce cusa tagulla a bakin bututun a ɗaura kai mai giren 175 ko 200 ko fiye, domin nauyin gaba yana tausasa karan kuma yana cika nauyin a lokaci guda. Binciken da Dokta Ed Ashby ya fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1980 kan manyan namun daji ya ƙara musu ƙarfi, da ya nuna cewa kibiya mai nauyi wadda nauyinta ya rinjaya gaba ta fi shiga jiki. Gwajin da suka fi yarda da shi kuwa shi ne a harba kara marar gashi tare da masu gashi daga tazarar mita 10 zuwa 20: ga mai jan tsirkiya da yatsun dama, kibiya tana hagun baka, in marar gashin ya faɗa hagu ya cika tauri, sai a ƙara nauyin kai, in ya faɗa dama ya cika laushi, sai a rage kai ko a datse karan kaɗan kaɗan. Ashe abin da suke nema da wannan gwaji, kara marar gashi mai nauyi a gaba wanda yake tafiya sak, shi ne siffar kibiyar da take cikin kwarin maharbin Hausa tun kafin a san kabon.

Wannan yana da amfani ga duk wanda zai gwada kabon a bakan irin na Kance ko Daura, domin jadawalin da kamfanoni suke bugawa ba a yi shi da wannan baka a zuciya ba. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin bakan kanti an auna shi ne a jan inci 28, kuma kowane inci da aka rage yana zubar da laba 2 zuwa 3, bakan Hausa kuwa ba a jansa har can. Haka nan karan inci 30 da aka datse zuwa 24 yana ƙara juriyar tanƙwara da fiye da rabi, don haka lambar da jadawali ya nuna za ta fito da tauri ƙwarai, sai an nemi kara mai lamba mafi girma, an bar masa tsawo, an kuma loda masa kai. Mafarin da ya fi dacewa shi ne tsohuwar kibiyar da bakan ya saba da ita: a auna nauyinta, a auna inda take tsayawa a kan yatsa, a rataya mata nauyi a ga sunkuyawarta, sa'an nan a nemi kabon da ya yi kusa da ita. Akwai kuma bambanci guda da ya shafi lafiyar hannu, wato kyauro yana nuna tsagarsa a fili kuma ana gasa shi a miƙar, kabon kuwa ba ya gyaruwa, tsagarsa tana ɓuya a cikin zaren, shi ya sa ake lanƙwasa kowane kara kusa da kunne kafin a ɗana shi, wanda aka ji yana ƙas-ƙas a cire shi daga kwari.