Yaushe Kwamfuta Za Ta Saki Ajiyarta?

A shekarar 1994 Jeff Bonwick, injiniya a kamfanin Sun Microsystems na Amurka, ya bayyana dabarar rabon ƙwaƙwalwar kwamfuta da ya kira slab, wadda ta shiga manhajar kamfanin, Solaris 2.4. Ya lura cewa zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana ɓata lokaci wajen shirya ƙananan abubuwa iri ɗaya, ta rushe su, ta sake shiryawa. Sai ya yanka shafukan ƙwaƙwalwa gurbi-gurbi daidai wa daida, wanda aka gama da shi a bar shi a shirye, kamar mai shayi da ke wanke kofi ya kife a teburi don mai zuwa. Tun daga nan masana ke gardama kan wannan tambaya: yaushe za a ƙwato wannan ajiya?

Bonwick ya tsara cewa sai ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci ake ƙwatowa, kuma ba a taɓa slab ɗin, wato shafin da aka yanka, da aka yi aiki da shi cikin daƙiƙa 15 da suka wuce. Wani zai ce me ya hana a saki komai nan take? Ai abin da aka saki yanzu shi za a nema anjima, sai a koma gidan jiya. Ga kuma wata ƙaya: gurbi ɗaya tak da ke aiki ya isa ya riƙe shafin gaba ɗaya, ko da sauran guraben duk wayam suke.

Manhajar Linux ta ɗauki dabarar a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun Mark Hemment, daga baya aka sa mai shara da ke zagayowa duk bayan daƙiƙa 2. A manyan injuna wannan zagaye yana katse aiki, layukan abubuwan da aka ajiye a shirye kuma suna cinye wuri mai yawa, shi ya sa a 2007 Christoph Lameter ya kawo sabuwar dabara mai suna SLUB, wadda ta yar da mai sharar. A 2024 aka cire tsohon tsarin daga Linux 6.8.

Masu ganin ƙwaƙwalwa ta cika su tsorata, su share ajiya da hannu, sun samu hanyar yin haka a Linux tun 2006, amma yawanci jinkiri suke saye, domin dole a sake karanto komai daga faifai. Shekaru 30 sun gaskata Bonwick: buƙata ce ya kamata ta sa a ƙwato ajiya, ƙwaƙwalwar da ke zaune fanko kuwa asara ce.