Yadda Kujerar Shugaban Najeriya Ta Yi Ƙarfi

Ranar 1 ga Oktoba, 1963, da Najeriya ta zama jamhuriya, Dakta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, amma a suna kawai. Wuƙa da nama suna hannun Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, bisa tsarin da aka gada daga Ingila. Bayan rikicin zaɓen 1964, Azikiwe ya yi jinkirin kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, al'amura suka tsaya cak na kwanaki. Juyin mulkin Janairun 1966 ya zo ya share kujerar baki ɗaya.

Waɗanda suka ga wannan ja-in-jar ba su manta ba. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, aka tsayar da shawarar shugaba ɗaya mai cikakken iko irin na Amurka, wanda jama'a za su zaɓa da kansu. Ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba tana tsoron shugaban ɓangare guda, don haka aka gindaya sharaɗi mai hikima: ban da rinjayen ƙuri'u, sai mutum ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Zaɓen farko ma ya gwada sharaɗin. Alhaji Shehu Shagari ya cika shi a jihohi 12 cikin 19, ya gaza kaɗan a Kano, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama kafin a rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979.

A ganina, soja ne suka koya wa kujerar halin da take da shi yau. Janar Ibrahim Babangida ne sojan farko da ya kira kansa shugaban ƙasa, a 1985, shi ne kuma ya mayar da fadar daga Barikin Dodan na Legas zuwa Aso Rock a Disambar 1991. Tsarin mulkin 1999 ya tara wa mai kujerar shugabancin ƙasa da na gwamnati da kwamandancin askarawa. Shi ke naɗa ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha, da amincewar Majalisar Dattawa. Shi ke gabatar da kasafin kuɗi da ayyana dokar ta-ɓaci, kuma ba a gurfanar da shi a kotu yana kan mulki. Wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa, in majalisa ta yi sake.

Sau biyu dai majalisa ta tsaya da ƙafarta. A Mayun 2006 dattawa suka yi watsi da yunƙurin tazarce a zamanin Shugaba Obasanjo. Da jinyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta yi tsawo a Saudiyya ba tare da miƙa mulki ba, majalisa ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi a Fabrairun 2010. Daga nan aka gyara sashe na 145: shugaban da ya kwana 21 bai aika wasiƙar miƙa mulki ba, majalisa na iya ba mataimakinsa riƙo.