Bugun Zuciyar Baligi Mai Lafiya: Lokacin Hutu Da Lokacin Aiki

Kowane bugu ɗaya na zuciya yana da kashi biyu: matsewa, wato lokacin da take tura jini cikin jijiyoyi, da sakewa, wato lokacin da take cika da jini. A jikin baligi mai lafiya da ke zaune yana hutawa, zuciya kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan tana bugawa sau 75, kowane bugu kan ɗauki kimanin daƙiƙa 0.8, matsewa 0.3, sakewa kuma 0.5.

Da zarar mutum ya kama aikin ƙarfi, kamar noma da fartanya ko jan ruwa daga rijiya, bugun yakan ƙaru, kuma dukkan kashin biyu sukan gajarta. Sai dai lokacin sakewa ne ya fi raguwa. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin a lokacin sakewar ne tsokar zuciya kanta ke samun mafi yawan jinin da take rayuwa da shi. Zuciya mai lafiya tana jure hakan, har jinin da take turawa ya tashi daga kimanin lita 5 a minti zuwa lita 20. Wanda ya saba da aikin ƙarfi kuwa, zuciyarsa kan tura jini mai yawa a bugu guda, saboda haka bugunsa na hutu yana iya sauka ƙasa da 60 ba tare da wata cuta ba.

Shekaru ma suna da tasiri. Ana ƙiyasta iyakar saurin bugu ta hanyar cire shekarun mutum daga 220; ɗan shekara 50 ke nan bugunsa ba ya wuce kimanin 170. Bugun mata ya ɗan fi na maza sauri, musamman masu juna biyu. Miƙewa tsaye, da zafin bazara, da ƙishirwa, da taba, da fargaba duk suna ƙara saurinsa, goro ma kan yi wa wasu haka.

Don haka ana shawartar jami'an lafiya da su bar mutum ya zauna minti 5 kafin a ƙirga bugunsa a wuyan hannu, na tsawon minti ɗaya cur. Duk wanda bugunsa ya zarce 100 yana hutawa, ko ya ji ciwon ƙirji ko jiri yayin aiki, ya garzaya cibiyar kiwon lafiya mafi kusa.