Amfanin Hoton Asibiti a Binciken Tarihi da Harkar Noma

Na'urorin da likitoci ke duba cikin jikin majiyyaci da su ba tare da tiyata ba, irin su eksire, siti-sikan da sikanin, suna iya nuna abin da ke cikin wasu abubuwan ba tare da an fasa su ba.

Tsofaffin gawarwaki

Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, kuma a 1896 aka fara ɗaukar hoton gawar Masar da ke naɗe cikin likkafaninta. A 2005 an yi wa gawar Fir'auna Tutankhamun siti-sikan, aka ga karaya a ƙashin cinyarsa ta hagu. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2013 ya duba gawarwaki 137, ya samu alamun taurin jijiyoyin jini a 47. Wannan ya nuna cewa cutar ta riga abincin zamani zuwa duniya.

Kayan tarihin Nok

Mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna, sun haura shekara 2,000. Masu jabu kan harhaɗa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu su sayar. Siti-sikan na nuna wurin haɗi da bambancin taurin yumɓun. Likitan hoto ɗan Beljiyam, Marc Ghysels, ya shahara a irin wannan aiki.

Noma da kiwo

A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da gonakin shinkafa, alkama da masara, ingancin iri shi ne jarin manomi. Tsutsar ƙwaron hatsi tana girma ne a cikin ƙwaya, daga waje kuma ba a ganin komai. A ɗakunan gwajin iri, eksire na bayyana ƙwayar da ta tsage, wadda ba ta cika ba, da wadda ƙwaro ya cinye. Likitocin dabbobi kuma suna amfani da sikanin wajen tabbatar da cikin saniya tun kusan wata ɗaya bayan barbara.

Abin lura

Yawan hasken eksire ba ya jawo wa tukunya ko gawa cuta, amma a jikin mai rai yana iya ƙara haɗarin ciwon daji. Kada a yi eksire ko siti-sikan sai da umarnin likita, mai juna biyu kuma ta sanar kafin a fara. Sikanin kuwa da sauti yake aiki, babu wannan hasken a cikinsa.