Kafanchan, Garin da Jirgin Ƙasa Ya Haifa

Lokacin da nake zaune a Ingila nakan ziyarci wani gari a arewacin ƙasar mai suna York. Mayaƙan Viking sun ci shi da yaƙi a 866, suka kira shi Jorvik, ya zama babbar kasuwa. Can daga baya jirgin ƙasa ya sake raya shi. Duk sanda na tsaya a tasharsa, sai Kafanchan ta faɗo mini a rai.

Garinmu yaro ne a kan York, amma ƙasar da yake kai tsohuwa ce. Gumakan yumɓu na Nok, da aka fara tonowa a 1928 ba nisa da nan, wasunsu sun girmi Viking da fiye da shekara dubu. Fantswam ne ke noma a wurin. Fatake Hausawa kuwa can Zangon Kataf suke sauke kaya, a ƙasar Atyap. Sunan garin ma ya faɗi aikinsa.

Sai ga dogo. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna, reshe kuma ya hau Jos don kwaso kuza. Mahaɗar ta faɗo a Kafanchan. Nan da nan Ibo, Yarbawa, Hausawa da mutanen kewaye suka cika gari: direbobi, makanikai, masu tuwo-tuwo. A 1933 fadar Sarkin Jama'a ta baro tsohon mazauninta ta dawo nan. A ganina, tun ranar aka shuka tambayar da har yau ba a gama amsawa ba: garin na wane ne?

Rikicin 1966 ya kori Ibo da yawa. Jirgi ya yi ta ja da baya, aiki ya ƙare, zuciya ta yi kusa. Mun ga abin da ya faru a Kwalejin Ilimi a Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992 kan sauya wa kasuwa wuri.

Yanzu ɗalibai da 'yan kasuwa ke riƙe da garin, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna. Da na leƙa tasha bayan dawowata, awaki na tarar suna kiwo tsakanin layukan dogo, wani tsohon ma'aikaci kuma yana lissafa mini tashoshin Jos da ka.