Titin da ya haifi faifan Appetite for Destruction

A yammacin Los Angeles ta Amurka akwai wani yanki na titin Sunset da ake kira Sunset Strip, tsawonsa bai kai kilomita 3 ba. Shekara da shekaru yankin yana wajen iyakar birni, 'yan sandan Los Angeles ba su da iko da shi, sai jami'an gunduma. Shi ya sa tun a shekarun 1930 gidajen caca da na rawa suka yi kaka-gida a wurin. Sai a 1984 aka mayar da unguwar gari mai suna West Hollywood.

Kiɗan rok ya samu gindin zama a titin ne da buɗe gidan Whisky a Go Go a 1964. A 1966 ƙungiyar The Doors ce ke kiɗa a can kusan kowane dare, kuma a shekarar ce matasa suka gwabza da 'yan sanda saboda dokar hana su yawo bayan ƙarfe 10 na dare. Aka buɗe gidan Rainbow a 1972, gidan Roxy a 1973. 'Yan Van Halen kuwa a gidan Gazzarri's suka goge kafin duniya ta san su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne al'adar da ta kunno kai a shekarun 1980. Makaɗa sun yi yawa, dandali ya yi kaɗan, sai masu shirya wasa suka juya ciniki: maimakon a biya makaɗi, shi ne zai sayi tikitoci da kuɗinsa tun kafin ranar wasa, ya bi titi yana tallarsu. In ya sayar ya tsira, in sun yi kwantai asararsa ce. Da dare za ka ga samari masu dogon gashi suna liƙa takardun talla a jikin turakun lantarki, wannan ya liƙa, wancan ya zo ya rufe da tasa. Ni a wurina wannan zalunci ne tsagwaronsa, domin mai gida ba ya taɓa faɗuwa, yaron da ya bar garinsu da jita a kafaɗa shi ke ɗaukar duk kasadar.

Cikin wannan turmutsitsi ƙungiyar Guns N' Roses ta haɗu a 1985. Axl Rose da Izzy Stradlin daga Lafayette ta jihar Indiana suka zo, Duff McKagan daga Seattle, Slash kuma a Ingila aka haife shi, sai Steven Adler mai ganga. A wani ɗan ɗakin ajiye kaya kusa da titin Sunset suke gwaji, nan kuma wasunsu ke kwana. Kamfanin Geffen ya ɗauke su a 1986, Mike Clink ya jagoranci ɗaukar sauti, akasari a sutudiyon Rumbo da ke Canoga Park. Jitar da Slash ya yi aikin da ita ma ba ainihin Gibson ba ce, wani mai ƙera jita mai suna Kris Derrig ne ya ƙera ta da siffar Les Paul.

Faifan nasu, Appetite for Destruction, ya fito ranar 21 ga Yuli, 1987, da waƙoƙi 12, ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 182. Kantuna suka ƙi zanen bangonsa na Robert Williams, dole aka sauya da gicciye mai ƙoƙunan kai biyar. Tashar MTV ta yi ta ja da baya, har sai da David Geffen, mai kamfanin, ya roƙa da kansa aka sa bidiyon "Welcome to the Jungle" da asuba, masu kallo suka yi ta bugo waya. Sai a Agustan 1988 faifan ya kai na ɗaya. Ya zuwa yanzu an tabbatar da cinikin kwafi miliyan 18 a Amurka kaɗai.

Ban yarda da rayuwar da ke cikinsa ba, kuma yadda wasu waƙoƙin ke maganar mata yana ɓata mini rai. Amma ina girmama shi don bai yi wa titin kwalliya ba. Sauran ƙungiyoyin wurin shagali suke rerawa, waɗannan kuwa yunwa da tsoro da ƙwaya suka sa a faifai. "Mr. Brownstone" labarin yadda hodar heroin ke mallake mai shanta ne, kuma masu waƙar da kansu suke. Ƙwayar ce ta sa aka kori Adler a 1990, Izzy ya tafi a 1991.

A wannan shekarar ƙungiyar Nirvana ta yankin Seattle ta fitar da faifan Nevermind, hankalin kamfanoni ya koma Seattle, kasuwar titin ta faɗi. An rufe Gazzarri's a 1993, babban kantin faifai na Tower Records ya bi baya a 2006. Whisky da Roxy da Rainbow suna nan a buɗe har yau.